Yadda muka bi sawun abin da ke ɓata mana rijiyar gabas

Rijiyar gabas ta fi kowace rijiya farin jini a ƙauyenmu. Kakanni ne suka haƙa ta, tun zamanin da jama'a ke biyo sawun Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suna sauka a gefen Bahar, wato kogin Nilu Azraƙ, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, bayan abin da ya faru a Burmi a 1903. Ruwanta ba zartsi ba gurɓi, ko da damina ta yi nisa Bahar ya yi jawur da lakar da yake kwasowa daga tsaunukan Habasha. Masu karo, wato masu sayar da ruwa a amalanken jaki, kan tsallake rijiyoyi biyu su zo gare ta, don sun san ruwanta matan gari suka fi saye. Shi ya sa da ma'aikacin shafahanarmu, wato ɗakin shan maganin ƙauye, ya ja ni gefe a daminar 2019 ya ce ita yake zargi, sai da na sake tambayarsa wace rijiyar yake nufi.

Littafinsa ya buɗe mini. Yara masu gudawa da atuni, manya masu zazzaɓin da yake kyautata zaton taifot ne, kusan duk daga unguwar gabas ko daga gidajen da ke sayen ruwan karo. A watan Satumbar shekarar ne hukuma ta ba da sanarwar ɓullar kwalara a jihar Nilu Azraƙ, ba a jima ba ta shigo jiharmu ta Sinnar. Ya ce marasa lafiyarmu dai bai ga alamar kwalara a jikinsu ba, amma hanyar da ta kawo wannan ita ce za ta kawo waccan. Ni malamin firamare ne, kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin ruwa, ba don na fi kowa sanin ruwa ba, sai don ni ake sa wa rubuta takardar Larabci in za a kai ofis. Haka aikin ya faɗo a kaina.

Wanda bai zauna a Sudan ba zai bukaci a yi masa bayanin saifon. Ban ɗaki ne na zamani mai zuba ruwa. Abin da aka kora yana gangarawa ta bututu zuwa wani tankin siminti a binne, daskararren ya kwanta a can yana ruɓewa, ruwan da ya taso sama kuma ya wuce zuwa wata rijiya da ake haƙawa musamman dominsa. Ita wannan rijiyar ba a daina haƙarta sai an tarar da ruwa, haka magina ke yi tun daga Khartum da Omdurman har zuwa ƙauyuka. Abin taƙamar kenan: salga tana cika, saifon ba ya cika. Mu a wajenmu ya shigo ne da kuɗin 'yan'uwan da ke aiki a Saudiyya. A kewayen rijiyar gabas gidaje uku ne suka yi shi, kuma wanda ya fi kusa na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya kwashe ƙuruciyarsa yana tuƙi a Jidda. Daga bakin rijiya zuwa murfin saifon ɗinsa taki goma sha biyar ne, katanga ce kawai a tsakani.

Na rubuta takarda, mai unguwa ya buga hatimi, na kai ofishin lafiya na mahalliya, wato ƙaramar hukuma. Aka haɗa ni da wata jami'ar lafiyar muhalli, mace mai ƙarancin magana. Ba ta tambaye ni ko ruwan yana wari ba. Ta ce in zana mata taswirar unguwar: inda rijiya take, inda salgogi suke, inda ake ɗaure jakuna, inda ruwan sama ke kwanciya, da ɓangaren da Bahar yake. Da na sa alamar saifon uku sai ta ɗora yatsa a kan na kawu, ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Ta ba ni kwalabe na gilashi da aka dafa aka rufe, da sharuɗɗa. Kada yatsa ya taɓa bakin kwalba ko cikin murfinta. A ɗaura ta a igiya mai tsabta da ɗan dutsen da aka wanke, a zura ta a hankali kada ta gogi bango, a bari ta nutse ƙasa da fuskar ruwa sannan a jawo. Kada a cika ta fal. A sa a kula da ƙanƙara, a iso da ita cikin awa 6, in kuwa ta wuce awa 24 a zubar, ba ta da amfani. Sannan ba rijiya kaɗai take so ba: kwalba ɗaya daga rijiya, ɗaya daga gangar mai karo, ɗaya daga randar wani gida, ɗaya kuma daga famfon donkin da ke bakin titi, wanda burtsatse ne mai zurfi.

"Ustaz, so nake in san a ina ƙazantar ke shiga," in ji ta. "Wani lokaci rijiya lafiyarta ƙalau, moɗa ce ke ɓata ruwan."

Ɗaukar ruwan bai ba ni wuya ba. Isar da shi ne aiki, domin duk wanda ya san baƙar lakarmu da damina ya san boksi, motar a-kori-kura da muke hawa, ba ta da alkawari. Na ɗebi ruwa bayan asuba, na rungume kula a cinya, muka kafe a hanya muka tura, na isa kafin azahar ƙanƙarar da saura.

Ta bar ni na tsaya ina kallo. Ta ƙona bakin wani ɗan hantsaki, ta ɗauko wata farar takarda zagayayya mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ta shimfiɗa a gindin wani kofin ƙarfe. Ta auna mililita 100 na ruwan rijiyarmu ta zuba, ta riƙa matsa wani ɗan famfon hannu har ruwan ya zuƙe ta cikin takardar. Ruwan garai-garai yake, takardar ma ta fito fara tas. Ta ɗora ta a kan wani ɗan auduga da aka jiƙa da jan ruwa a cikin ƙaramin faifan ƙarfe, ta rufe, ta rubuta lamba. Haka ta yi wa sauran. Ta jera su a wani akwati mai batir ta saita zafinsa a digiri 44. Na tambayi dalilin wannan zafin, ta ce ƙwayoyin da ke zaune a hanjin mutum da na dabba suna iya hayayyafa a haka, yawancin na ƙasa da na ruwa kuwa ba sa iyawa. Jan ruwan abincinsu ne. Duk ƙwaya ɗaya da takardar ta tare, kafin awa 18 za ta zama tsibi guda da ido zai gani.

Washegari ta buɗe su a gabana. Na donki fes, kamar ba a taɓa shi ba. Na rijiyar gabas kuwa ɗigo-ɗigo ne ruwan ɗorawa sun rufe takardar, wasu sun haɗe da juna, ta ce wannan ba ya ƙirguwa. Na karo da na randa haka suke, ko ma sun fi. Ta bayyana mini cewa waɗannan ƙwayoyin ba lalle su ne ke kwantar da yara ba, shaida ne kawai cewa kashi ya sami hanyar shiga ruwan, kuma duk inda ya shiga, taifot da kwalara da shawara da atuni za su iya bi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha.

Sai ta tsoma wata 'yar siririyar takarda a ragowar ruwan, ta jira kaɗan, ta kara ta da jerin launukan da ke jikin gwangwani. Ta rine ta wuce alamar 50. Wannan kuma sinadarin naitiret ne, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma daga fitsari da bayan gida da takin gona yake fitowa. A nan ta ɗan daɗe tana magana, abin da ba ta saba ba. Ta ce ƙwayoyin cuta za su iya shiga ta guga da igiyar da ake ja a ƙasa, amma naitiret mai yawa haka ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, kuma tunda rijiyar a tsakiyar gidaje take ba gona a kusa, ba sai an yi duba ba. Ta gargaɗe ni a kan jariran da ake dama wa madarar gwangwani: yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓɓansu su yi shuɗi. Tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri saboda ruwan da ke ƙonewa. Kulorin ma ba ya taɓa shi.

Na koma da takarda. Abin da kowa ya fara cewa shi ne a zuba magani a huta. Jami'ar ta san haka za a ce, ta kuma ce a yi, domin ko ba komai rijiyar na bukatar yasa. Ta ba mu garin kulorin da ma'auninsa. Aka yi nafir, wato gayya: aka kwashe ruwan, samari suka fito da laka da tsofaffin gugaye da takalman yara, aka goge bangon da ruwan magani, aka bari ta taru, aka zuba adadin da ta rubuta, aka rufe ta kwana, sannan aka yi ta kwarfewa har warin ya tafi. Gwajin da ya biyo baya ya fito da kyau, mutane suka ce ai shi kenan. Ba a yi wata guda ba na sake kai kwalba, ɗigon nan suka dawo yadda suke.

Daga nan ne na je wurin tsohon da ya haƙa rabin rijiyoyin yankinmu. Idonsa ya yi rauni amma ƙasar garin tana kansa. Ya ce daga sama baƙar laka ce mai danƙo, wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafar ɗan akuya ta faɗa, amma can ƙasa a matse take, ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi. A ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa, a nan ruwan yake kwance, kuma yana hawa yana sauka tare da Bahar. Salgar iyayenmu gaba biyu ce ko uku, a cikin lakar take tsayawa, tsakaninta da ruwa akwai ƙasa mai kauri da ke tace abin da ya tsiyaya. Rijiyar saifon kuwa sai ta huda lakar ta shiga yashin.

"Ai ni na haƙa wa kawunka," in ji shi. "Da na tarar da ruwa har na ɗanɗana, irin na rijiyar gabas ne sak. Na ce masa Alhaji ruwan nan mai daɗi ne, ya ce to madalla, a rufe."

Na faɗa wa jami'ar wannan, ta ce tsohon ya gama mata bayani. Ƙa'idar da suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa lokacin da ya fi cika. Ta biyun ce ta fi muhimmanci a wurinta, domin busasshiyar ƙasa ce ke tare ƙwayoyin su mutu a hanya. Idan aka zuba su kai tsaye cikin ruwan da ke yashi, tafiya suke yi da shi, kuma duk gugan da aka ja daga rijiya yana ƙara janyo ruwan kewaye zuwa gare ta. Wato abin da ke hana saifon cika shi ne mu muke ɗebe masa.

Yanzu saura faɗa wa kawu. Na je da safe na durƙusa na gaishe shi, aka kawo shayi, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Kai Ustazu, faɗi abin da ya kawo ka."

"Kawu, alfarma nake nema. Ku ba mu izini mu buɗe murfin rijiyar saifon mu zura igiya."

Ya ajiye kofi. Ya ce ya ji abin da ake faɗa a gari, wai shi ne ke shayar da mutane najasa, kuma bai yi zaton ɗan 'yar'uwarsa ne zai riƙe wa masu faɗa fitila ba. Ya ce injiniya ne ya zana masa, siminti buhu kaza ya ci, a Khartum manyan gidaje haka suke yi, kuma duk baƙon da ya zo garin nan mai daraja a gidansa ake sauke shi saboda wannan ban ɗakin. A wannan dai gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya taɓa ce masa kada ya yi, mu ne ma muka je taya shi murna. Na tashi ba tare da izinin ba.

Inna ce ta buɗe ƙofar, kuma ba da gardama ba. Ita ce babba, ita ta goye shi. Ta shirya ta je gidansa da yamma da 'yar jarkarta ta ruwan donki a hannu. Matarsa ta kawo mata ruwan maraba ta ce a mayar, ta zo da nata. Aka kawo shayi ta tambaya da wane ruwa aka dafa. Ta yi hirarta ta jikoki da farashin dawa, ta sha ruwan jarkarta a gabansa, ta yi sallama. Wanda ya san mutanenmu ya san nauyin 'yar'uwa ta ƙi shan ruwan gidanka. Kafin isha'i ya aiko yaro ya ce in zo da igiyata.

Muka je da tsohon mai haƙa da mai unguwa da liman. Jami'ar ta riga ta gargaɗe mu: kada kowa ya leƙa da kansa, kada a zura fitila irin yadda masu haƙa ke gwada iskar rijiya, kada a kunna sigari, domin iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana kashewa kuma tana kama wuta. Muka ɗaga murfin muka ja baya har ta sha iska. Tsohon ya ɗaura wani ɗan gwangwani a kife a bakin igiya, yana saki a hankali yana kasa kunne, har muka ji "ɓul". Ya ƙulla. Ya ɗauki wata igiyar daban ya yi haka a rijiyar gabas. Aka shimfiɗa su biyun a ƙasa gefe da gefe a tsakar gidan kawu, ƙulli ya zo daidai da ƙulli, gaba bakwai da ɗan ƙari. Kawu ya ce wannan ba hujja ba ce, duk garin ruwan a nan yake. Sai muka aro injin ban ruwa daga masu lambu, aka jefa tiyo a rijiyar gabas aka yi ta ja tun hantsi har la'asar. Tsohon ya sake zura igiyarsa a saifon. Wannan karon sai da ya saki fiye da ɗani guda bayan ƙullin kafin gwangwanin ya taɓa ruwa. Ya miƙa wa kawu igiyar ya ce, "Alhaji, taɓa da hannunka." Kawu ya riƙe, ya ja, ya saki, ya sake ji. Gani ya kori ji. Bai ce uffan ba, ya shige ɗaki.

Taron da aka yi a masallaci bayan sallar Juma'a ya fi wannan zafi, don a nan masu sauran gidaje biyun suke, ko wakilansu. Wani dattijo mai karatu ya miƙe ya ce a mazhabarmu ruwa mai tsarki ne matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita ba, ruwan rijiyar gabas kuwa ba abin da ya jirkita, don haka wannan duk tsoratarwar 'yan boko ce. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Liman ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam, hukuncin da ka kawo daidai ne, amma na alwala ne. Da za a ɗiga dafin da ba shi da launi ba shi da wari a randarka, ruwan bai zama najasa ba, amma za ka ba jikanka?" Ya kawo hadisin nan na ba cuta ba cutarwa, da wanda ya hana yin bayan gida a mashayar jama'a, ya ce malamai tun da can sun yi maganar harimin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwanta a cikinsa ba. Ni a ganina wannan jawabin ya fi takardar da na kawo daga ofis aiki, domin takardar ba ta amsa tambayar da ke zuciyar mutane ba.

Abin da ya rage shi ne kuɗi, kuma a nan aka fi daɗewa. Masu saifon suka ce ba za su ɗauki asara su kaɗai ba. Aka daidaita a kan kwamiti zai biya motar kwashewa daga kuɗin da masu karo ke bayarwa, gayya za ta yi aikin ƙarfi, mai gida ya sayi bututu da siminti.

Na kawu aka fara. Mota ta zuƙe tanki da rijiyar, aka zuba farar ƙasa, sannan aka shiga cike ramin da baƙar laka, a zuba a jiƙa a daddaɓe da doguwar taɓaryar itace daga sama, hawa-hawa har baki, aka rufe da siminti. Tankin an bar shi bayan an duba ba ya yoyo. Ruwan da ke fita daga cikinsa aka juya shi yamma, nesa da rijiya, zuwa wasu dogayen ramuka marasa zurfi da aka shimfiɗa wa tsakuwa da bututu mai huji-huji. Ba zan ce wannan ya yi daɗi kamar na da ba. Lakar da ke kare mana ruwa ita ce kuma ba ta shan ruwa, saboda haka da damina ramukan kan cika, bayan gidan ya yi danshi. Dole aka raba ruwan wanka da wanki aka kai shi gindin bishiyoyi, aka rage yawan abin da ake korawa, kuma lokaci-lokaci sai an kira mota. Kawu yakan yi mita a kan haka har yau, ni kuma ina saurare, don hakkinsa ne.

Gida na biyu ya biyo baya ba tare da wahala ba. Na uku mai shi yana Riyad, 'yan haya ne a ciki, kuma duk saƙon da aka tura masa amsarsa ita ce in sha Allahu in ya zo hutu.

Rijiyar ita ma an gyara ta. An ɗaga bakinta, an yi mata daɓen siminti a kewaye mai gangara, da rariya mai kai ruwan da ya zube nesa, an toshe tsagogin bulon sama, an yi murfin ƙarfe. An hana kowa zuwa da gugansa, guda ɗaya ne na kwamiti da ke rataye a ƙugiya, an kuma mayar da wurin tsayuwar jakuna baya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ɗigon sun ragu ƙwarai, har ana iya ƙirga su da ido, amma ba su kai sifiri ba. Naitiret kuwa da ƙyar ya motsa. Jami'ar ta ce kada mu yi mamaki, abin da aka shekara da shekaru ana zubawa a yashi ba ya wankewa a damina ɗaya.

Saboda haka shawarar da aka tsayar ba ta yi wa masu son rijiyar daɗi ba. Ruwanta na wanka ne da wanki da dabbobi. Wanda zai sha sai ya sa ƙwayar kulorin a jarka ya jira minti 30, in ruwan da gurɓi a fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwayar zogale kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa ruwan Bahar, domin kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Gidan da ke da jariri ko mai ciki, ruwan donki kawai, ko da ya fi tsada. Aka koya wa mata rufe randa da rataye moɗa mai dogon mariƙi, da haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Warin kulorin ne ya fi ba mu wahala, tsofaffi suka ce yana ɓata shayi, kuma ba ƙarya suka yi ba. An samu sauƙi da aka gane in ruwan ya kwana a randa warin yana raguwa.

Ambaliyar 2020, wadda ta sa gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Satumba, ta rushe salgogi da dama a unguwar da ke kusa da Bahar. Rijiyar gabas ruwa bai shiga ta baki ba saboda ɗagin da aka yi mata, amma duk da haka sai da aka sake wanke ta da sauran. Bayan nan ne kwamiti ya yi doka a rubuce: ba a haƙa ramin saifon har ya taɓa ruwa, kuma duk mai son haƙa salga sai an auna masa mita 30 daga rijiya mafi kusa. Igiyar awon tana ajiye a masallaci. A tsohuwar unguwa inda gidaje suka cushe, akwai inda mita 30 ɗin ba ta samuwa ko ta wane ɓangare, a nan sai a sa mutum ya yi ramin gajere ya ɗaga ɗakin sama da ƙasa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 komai ya ƙara wuya. 'Yan'uwa sun taho daga Khartum, daga baya daga Madani, gidan mutum goma ya koma na talatin, salgogi suna cika da wuri, a 2024 kuma faɗan ya iso jiharmu, aka sake sanar da kwalara a ƙasar a watan Agusta. Kai kwalba ɗakin gwaji ya tsaya. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ɗan ma'aunin roba da jami'ar ta bar mana, wanda ake jefa wa ƙwaya ruwan ya yi ja-ja in akwai sauran kulorin a ciki, ana neman ya kai 0.5. Da shi nake bi gangunan masu karo da safe in akwai ƙwayar. Saifon na gida na uku har yanzu a buɗe yake, kuma yanzu iyalai huɗu ne ke amfani da shi. Kwamiti ya tara kuɗin motar ya ajiye, ana jiran izinin mai gida.